KISHIYATA MAI ƘOFA BIYU: TAFIYARMU KUTAMA

'Yan uwana mata, musamman ku 'yan makaranta da ba kwa gajiya da aiko mini da saƙo kuna tambaya, wai shin motocin nan da muke zubawa a littattafanmu da gaske akwai su? Akwai su mana. Ni ce ma shaida, don na zauna da ɗaya gida ɗaya har shekara uku, kuma yau labarinta na zo muku da shi, ba ƙagagge ba ne.

Bari in fara da tona wa kaina asiri. A littafina na farko na ba wa saurayin labarin wata dalleliyar Marsandi mai ƙofa biyu, kullum bayan la'asar zai zo ya faka ta a ƙofar gidan su yarinyar, unguwa ta ɗauki ƙamshin turarensa. Wallahi lokacin da na rubuta ko leƙa cikin irinta ban taɓa yi ba. Ashe Allah Yana ji na. A 2021 aka ɗaura mini aure, na tare a Kano, na tarar da ita a tsakar gidan an lulluɓe ta da tamfol, ta riga ni tarewa.

Marsandi ce ƙirar Jamus wadda ake kira 500 SEC, ta shekarar 1984, ƙanwar doguwar nan mai ƙofa huɗu da mutanenmu suka laƙaba wa sunan Shagari. Kamfanin ya fara ƙera irinta a 1981 ya daina a 1991, kun ga ke nan ta girme ni nesa ba kusa ba. Gaskiya ɗaya ce, kyau kam Allah Ya ba ta. Ruwan toka ce mai duhu, doguwar gaba gare ta, kujerun fata, kuma idan aka sauke gilasanta duka babu ƙarfen da ya raba tagar gaba da ta baya, sai ta zama wayam kamar rumfa. Injinta mai fulogi takwas ne, wai ƙarfin dawaki 231, in aka tayar da ita sai ku ji wani gurnani can ƙasa-ƙasa har cikin ƙirjinku. Marigayi surukina, Alhaji, shi ya sayo ta ta hannu daga Kwatano a 1993, lokacin yana ganiyar fataucin hatsi da gyaɗa. Da ya rasu aka raba gado ta faɗo a rabon maigidana.

Shi maigidan in kuna son ku ga haƙoransa to ku ɗauko masa zancen manyan injina. Shi ya ba ni labarin cewa Amurkawa ne suka fi kowa haukan irin waɗannan motoci masu ƙofa biyu da ƙaton inji, su Ford Mustang da ta fito a 1964, da Chevrolet Camaro da Dodge Charger, don a lokacin mai a wurinsu kamar ruwan rijiya ne. Da Larabawa suka rufe famfo a 1973 mai ya yi tsada, sai suka koma neman ƙananan motocin Japan. Abin mamaki, tsadar da ta sa su kuka ita ta cika mana baitulmali a nan, har aka yi rabon kuɗin Udoji, masu hali suka shiga sayen manyan motoci. Na ce masa, “To Yallaɓai, su da suka ƙirƙiro abin sun saduda tun ba a haife mu ba, mu me muke jira?” Bai amsa ni ba.

Ku yi lissafin nan tare da ni. Tankinta lita 90 yake ci. A 1982, zamanin Shagari, litar mai kwabo 20 ce, wato da naira 18 an cika ta fal. A ƙarshen 1994 lita ta koma naira 11, Alhaji yana cika ta da naira 990 bai ko ji a jikinsa ba. Daga ranar 29 ga Mayu, 2023 da aka cire tallafin mai kuwa sai labari ya sha bamban, kafin ƙarshen 2024 lita ta haura naira dubu. Cika ta sau ɗaya ya fi naira dubu 90, alhali mafi ƙarancin albashin da aka amince da shi a shekarar naira dubu 70 ne. Maigidana kuwa malamin makaranta ne.

Ba man ne kaɗai ba. Duk Asabar ɗin duniya yana kwance a ƙarƙashinta, ƙafafunsa kawai nake gani, in kai masa abinci ya huce a wurin. Yau fanbel, gobe famfon mai, jibi batir. Ya yini yana zagaye kasuwar Ƙofar Ruwa neman wani ɗan ƙarfe da bai kai yatsana ba, a ƙarshe a ce sai an aika Legas. Bakanikan da suka san kanta duk sun tsufa, yaran yanzu kuwa in sun buɗe gabanta sai su tsaya suna sosa ƙeya. Ranar da na ga kuɗin da muka tara na haya sun tafi a gyaran giya, ranar na yi kukan da ban yi ba ko daren da aka kawo ni. Na ce masa ya fito fili ya gaya mini wace ce uwargida tsakanina da ita.

Ana cikin haka wani mai sha'awar tsofaffin motoci ya taya ta da daraja. Maigida ya kwana uku ba ya cin abincin kirki, sannan ya ce shi ba zai iya yanke hukunci ba sai ya je Kutama ya ji ta bakin Inna, mahaifiyarsa. Kuma a cikinta za mu je.

Ranar wata Juma'a ce cikin Disambar 2024, sanyi ya sauko, hazo ya rufe gari. Muka fita ta Kabuga bayan sallar asuba, ni a gaba rungume da 'yata, ƙanwarsa a baya ita da tsarabar Inna, sabulu da sukari da turmin atamfa. Shigarta bayan ma sai da aka yi dabara, a kwantar da kujera, ta tattare hijabi, ta sunkuya kamar mai shiga akurki. Muka wuce Rijiyar Zaki da sabuwar Jami'ar Bayero, muka wuce barikin soja na Janguza, gidaje suka fara ja da baya, gonaki suka buɗe.

A nan ne fa na gane abin da yake gani a jikinta. Da titi ya miƙe ya ɗan taka ta, sai na ji kamar an tura ni cikin kujera, ba ƙara ba girgiza, tafiya take kamar ana zuba mai a faranti. Na saci kallonsa, fuskar nan ta washe, ya koma yaro ɗan shekara biyar da ubansa ke ɗorawa a cinya yana riƙe sitiyari. Ni kuwa idona na kan allurar mai, ina ganin tana sunkuyawa a hankali kamar mai gyangyaɗi.

Hanyar Gwarzo da kaka abar kallo ce. Daga Kano zuwa Gwarzo kimanin kilomita 70 ne, kuma tun daga Rimin Gado duk inda kika duba dammunan dawa ne a jingine, ga karan da aka tsayar buka-buka a gonaki, ga amalanken shanu suna jan kaya a gefen titi ba ruwansu da gaggawar kowa. Bishiyoyin kuka sun zubar da ganye sun tsaya tsirara cikin hazo. Da muka shiga ƙasar Kabo maigida ya tuna mini cewa nan ne asalin marigayi Alhaji Muhammadu Adamu Ɗankabo, Jarman Kano, mai jiragen Kabo Air da suka yi shekaru suna jigilar alhazai. Ni dai abin da na sani game da Kabo shi ne makarantar 'yan mata ta can, inda ƙawayena biyu suka yi karatu. In kuna karantawa ina gaishe ku.

Ba mu yi nisa da Garo ba sai wani farin tururi ya turnuƙe gaban motar. Innalillahi! Ya gangara gefe da sauri ya kashe ta. Ashe tiyon lagireto ne ya fashe, robar da ta shekara arba'in tana shan zafi, ai ta yi ƙoƙari. Na ɗauko tsumma zan buɗe murfin in taimaka, ya daka mini tsawar da bai taɓa yi mini ba. Wai in aka buɗe shi da zafi tafasasshen ruwa ne zai feso wa mutum a fuska. Ku riƙe wannan, ko motar gidanku ce.

Awa biyu muka yi a gindin wata ɗorawa. Wani dattijo da ke ɗaurin dawa ya bar aikinsa ya zo da jarkar ruwa, ya tura ɗansa a babur ya ɗauko bakanike. Shi kuma da ya zo ya leƙa injin sai ya yi salati, ya ƙirga fulogan da yatsa ɗaya bayan ɗaya, ya ce, “Alhaji, wannan ai mota biyu ce aka haɗa.” Ya yanke inda ya fashe, ya naɗe sauran da robar tayar keke, ya ce mu lallaɓa. Dattijon ko sisi ya ƙi karɓa, har ya ƙara wa 'yata da gyaɗa cikin hularsa.

Haka muka lallaɓa muka shiga Gwarzo ana shirin tafiya masallaci, muka ƙara mai, muka nufi Kutama. Kutama gari ne na manoma, ɗaya daga cikin mazaɓu goma na ƙaramar hukumar Gwarzo. Da muka sauka daga kwalta muka shiga lungun su Inna sai wata wahalar ta taso, don motar ƙasa-ƙasa take, an yi ta ne don shimfiɗaɗɗen titin Jamus. Duk kwarin da ruwan damina ya bari sai mun ji salansa ta daki ƙasa, maigida ya runtse ido kamar shi aka daka. Yara suka biyo mu yuuu. Dattawan da ke dawowa daga Juma'a suka tsaya cak, wani ya ɗaga sandarsa ya ce, “Allahu akbar, motar Alhaji! Tana nan da ranta?” Suka kewaye ta suna shafawa suna yi wa mamacin addu'a. Na ga maigida ya juya baya yana goge ido.

Gidan Inna na ƙasa ne, share tas, rumbuna biyu cike, ga tattabaru, ga ƙarar taɓarya daga maƙwabta ana sussuka. Ta tarbe mu da fura mai sanyi da nonon da ba a sirka ba, da daddare kuma tuwon dawa miyar kuka da man shanu, irin wanda in kin ci za ki raina na birni. Maigida ɗan fari ne, don haka ko sunansa ba ta faɗa, ko kallonsa ba ta cika yi ba. Da ya durƙusa ya gama zayyana mata abin da ya kawo mu, cewa kawai ta yi, “Na ji. Je ka kwanta.”

Ni ta riƙe a ɗakinta. Muna zaune gaban kaskon wuta sai ta ce, “'Yar nan, ke ma ta sha miki kai ko?”

Na sunkuyar da kai ina wasa da bakin zanena.

Ta yi 'yar dariya. “Ai ni na riga ki. Shekarar da ya sayo ta, shekarar ya yi amarya a birni. Ita ake ɗauka a gaba a je biki, ni ina nan ina kiwon rumbu. In ya zo sai dai in jiyo kukanta daga zaure in ɗora ruwa. Shekara talatin da ɗaya, ko sau ɗaya ban taɓa sa ƙafata a cikinta ba. Bai ce in shiga ba, ni kuma ban roƙa ba.”

Wallahi sai na ji nawa kishin ya zama wasan yara. Na rasa abin cewa, na ce, “Inna, ki yi haƙuri.” Ta ce haƙuri ai ya zama jiki.

Da safe ta fito cikin sabuwar atamfar da muka kawo, ta yafa farin mayafi, ta dubi gefen da ɗanta yake ta ce, “Kai wannan, kai ni Gwarzo in gaida 'yar uwata.” Jiki na rawa ya buɗe mata gaba. To motar tana da wani ɗan hannu da ke zuro wa mutum bel daga bayan kafaɗa da zarar an tayar da ita. Yana murza makulli hannun nan ya zuro, Inna ta zabura ta ce, “A'uzubillahi! Wane ne a bayan?” Muka yi dariya har da hawaye, ita ma ta yi. Ya sauke gilasan duka huɗu, ya ja ta a hankali ta tsakiyar gari, Inna zaune ƙyam tana amsa gaisuwar mata ta taga, mayafinta na kaɗawa. Ni da ƙanwarsa muna matse a baya, gwiwoyinmu na dukan kujera, kuma ban ji haushi ba ko kaɗan.

A hanyar dawowa, ba tare da ta dube shi ba, ta ce, “Na shiga, na ji abin da ake ji. Ubanka ya hau ta lokacin da mai ba ya hana tukunya tafasa. Ka sayar, ka biya wa yarinyar nan haya.” Ya ce, “To Inna.” Daga nan har gida ba wanda ya sake magana.

Ranar Lahadi muka juyo, but ɗinta cike da buhun dawa da ƙullin kuka da daddawa, har bayanta ya zauna. Bayan sati biyu mai sayen ya zo da babbar mota aka ɗora ta. Maigida bai fito ba, ni na miƙa makullin. Muka biya hayar shekara biyu, ya sayi ɗan babur na zuwa makaranta, aka aika wa Inna kwanon rufi na ɗakinta.

A inda take tsayawa ta bar wani baƙin tabon mai a kan siminti, faɗinsa kamar faifai. Kullum in na zo shara sai in kewaye shi. Jiya ya tambaye ni me ya sa ban wanke ba, na ce omo ne ya ƙare.