Ramin Gishiri da Gawayi

Wani malamin makaranta a garin Dutsi ya kusa kammala ginin gidansa, kuɗi kuma sun yi ƙasa, sai mai wayarin ya miƙa masa takardar ragowar kayan da za a sayo. A ƙarshenta akwai sandar tagulla, da gawayi, da gishiri.

“Malam, gawayi kuma? Girki za mu yi?” in ji maigidan.

“Ranka ya daɗe, na ramin wayar ƙasa ne. Ko ba a yi shi ba wuta za ta kawo, fitilu su kama.”

Jin haka sai maigidan ya ɗauki biro zai soke layin, abin da masu gini da yawa kan yi. Sai dai abin da yake shirin sokewa shi ne kaɗai a takardar da aka rubuta domin kare ran iyalinsa.

Lantarki ba ya ratsa kowane abu daidai wa daida. Tun a 1729 wani Baturen Ingila, Stephen Gray, ya lura cewa ƙarfe na isar da shi nesa, zaren siliki kuwa yana tare shi. A cikin ƙarfe akwai ƙwayoyin elektiron da ke yawo a sake, su ke ɗaukar wutar. A cikin roba da gilashi da busasshen katako kuwa a ɗaure suke. Azurfa ce kan gaba, tagulla na biye da ita, alminiyum kuma na isar da kusan kashi 61 cikin 100 na abin da tagulla ke isarwa.

Jikin ɗan Adam ya faɗo a tsakani. Tsantsar ruwa ba ya isar da lantarki sosai, amma da zarar gishiri ya narke a ciki sai ya zama hanya, jini da gumi kuwa ruwan gishiri ne. Abin da ke kare mutum fatarsa ce. Busasshiyar fata na iya yin turjiyar da ta kai om 100,000, jiƙaƙƙiya kuma ta sauko zuwa kusan 1,000. Wutar da KEDCO ke rabawa a Kano da Katsina da Jigawa tana shiga gidaje da ƙarfin bolt 230. Bisa ƙa'idar da Georg Ohm na Jamus ya wallafa a 1827, busasshen hannu zai karɓi miliamfiya 2 da ɗoriya, ya ji zuga kawai. Jiƙaƙƙen hannu kuwa zai iya karɓar 230, alhali abin da ya haura 30 na iya rikita bugun zuciya. Firjin da ya ɗan ja uwargida da hunturu shi ne zai iya kashe ɗanta da damina, in ya taɓa shi ba takalmi a kan jiƙaƙƙen siminti.

Aikin ramin ke nan. Idan waya ta saɓule a cikin firji ko dutsen guga ta taɓa jikin ƙarfen, wutar za ta nemi hanyar sauka ƙasa. Wayar nan mai launin kore da rawaya tana ɗauke ta zuwa sandar da aka binne, domin kada jikin mutum ya zame mata hanya ɗaya tilo.

Matsalar ita ce ƙasar kanta ba kullum take karɓa ba. Yashi da tsakuwa da fā ba sa isar da lantarki sai da danshi, ƙasar shiyyar Daura kuwa mai yashi ce, tana kuma shafe fiye da rabin shekara ba ɗigon ruwan sama. Sandar da aka kafa a busasshen jigawa a watan Maris kusan ba ta da amfani. Shi ya sa ake zuba gawayi, wanda ke riƙe laima kuma shi kansa yake isar da wuta, da gishiri mai mayar da laimar hanya. Dabarar na da illa: gishiri na cin ƙarfe, ruwan damina kuma na wanke shi, don haka ramin na bukatar a riƙa ba shi ruwa da rani, a kuma duba shi lokaci zuwa lokaci. Sannan bai isa shi kaɗai ba, sai an haɗa shi da na'urar da ke katse wuta cikin ƙiftawar ido da zarar miliamfiya 30 sun ɓalle daga hanyarsu.

Mai wayarin bai san sunan Gray ba, bai kuma kawo lissafi ba. Cewa kawai ya yi: “Yallaɓai, yara za su riƙa buɗe firjin nan da jiƙaƙƙen hannu.”

Maigidan ya yi shiru, sannan ya soke fankar silin ta ɗakin baƙi, ya bar gawayi da gishiri. Washegari aka haƙa ramin a kusa da wurin alwala, inda ƙasa ba ta rabuwa da danshi.