Wasiƙa daga Riyad: Maganar Taraktar Baba

Na san na yi shiru kwana biyu, aiki ne ya sha mini kai. Ga waɗanda ba su ji ba, tun watan jiya na baro Cranfield, ina Riyad zan yi wata uku a Jami'ar Sarki Sa'ud, ina tattara bayanan ban-ruwa na binciken digirina. Lafiya lau nake, sai dai zafi. Duk wanda ke kukan zafin Kano a watan Afrilu ya zo nan ya ga yayansa.

Yawancin aikina a Alkharj yake, kamar tafiyar awa guda kudu da Riyad. Gari ne na noma, kuma wanda ke son sanin ƙarshen injin da aka yi wa rikon sakainar kashi, to ya zo nan. A shekarun 1980 gwamnatin Saudiyya ta riƙa sayen alkama daga manomanta da tsada fiye da farashin duniya, aka yi ta haƙa rijiyoyi, aka yi ta shigo da injuna. A 1992 sun noma sama da tan miliyan 4, har suna sayarwa waje. Ruwan ƙarƙashin ƙasa kuwa ba damina ke mayar da shi ba, sai ya yi ta ja da baya. A 2008 gwamnati ta fara janye hannu, zuwa 2016 aka rufe wancan tsarin. Har yau in ka zaga bayan wasu gonakin za ka ga injuna a tsaye, rairayi ya ci rabin tayoyinsu.

A wata gonar dabino da nake auna ruwa na tarar da wata 'yar ƙaramar tarakta ta lambu, Kubota B7100, irin wadda aka fara ƙerawa a 1976. Ƙarfin doki 16 ne kacal, tsayinta bai wuce ƙirjina ba, an yi ta ne don shiga tsakanin itatuwa. Mai gonar ya ce ta shekara goma ba ta yi tari ba, in ina so in yi wasa da ita. To, ka ji abin da nake yi duk ranar Asabar.

Wannan ciwo a Ingila na kwaso shi. Can akwai tsofaffi da ba su da aiki bayan ritaya sai gyaran tsohuwar tarakta. Mutum zai sayo gawa, ya yi shekara biyu a gareji yana kankare tsatsa, ya yi mata fenti irin na ranar da ta fito daga masana'anta, sannan ya ɗora ta a tirela zuwa baje-kolin Newark a watan Nuwamba. Abin da suka fi so ita ce 'yar toka-tokar nan ta Ferguson, wadda aka ƙera sama da 500,000 a Coventry daga 1946 zuwa 1956. Ni dai abin yana burge ni, yana kuma ɗan ba ni haushi: injin lafiyayye garau, amma ba zai ƙara taɓa ƙasa ba don kada fenti ya karce. A Kura da tuni yana kaftun tumatir.

Ba ni kaɗai nake aikin ba. Bakaniken gonar wani dattijo ne ɗan Sudan, kuma ranar farko da ya ji ina waya da Inna sai ya ce mini, "Sannu da aiki, yaro." Ashe ɗan Maiurno ne, kakanninsa suna cikin waɗanda suka yi gabas bayan yaƙin Burmi a 1903. Hausarsa irin ta da ce, ta cakuɗe da Larabci. Ya yi shekara ashirin yana gyaran tarakta a gonakin audugar Jazira kafin ya zo nan. Shi ya hana ni sa batir. Ya ce injin da ya daɗe a kwance ba a tashinsa da tsawa. Muka cire nozul uku, muka zuba gas da ɗan baƙin mai a kan fistin, muka bar shi mako biyu yana tsumuwa. Sannan muka sa giya babba muna ɗan tura ta gaba da baya, har muka ji ta saki. Muka wanke tanki, muka sake filta, muka busa lagireto da ƙura ta toshe. Kayan da muka rasa na samo su a tsohuwar Sana'iyya, wato Ƙofar Ruwan Riyad. Asabar ɗin da ta wuce ta tashi. Hayaƙi baƙi ƙirin, sannan fari, sannan ta daidaita. Dattijon bai ce komai ba, shayi kawai ya ɗora.

Yanzu ga inda na dosa. Yaya, Auta ta gaya mini 'yan gwangwan sun zo sun taya taraktar Baba da kilo, kuma kana tunanin sallamawa saboda kayan ɗakinta. Ban ga laifinka ba. Kai ke riƙe da gida, ni ina nan ina rubuce-rubuce, kuma shekara tara tana ƙarƙashin darbejiya kaji na ƙwai a kujerarta. Amma don Allah ka dakata.

Massey Ferguson 135 ce. An fara yin su a 1964, da injin Perkins mai fistin uku, kuma har gobe ana ƙera kayan gyaranta sababbi, domin ta cika duniya. Masana'antar Coventry ta daina aiki tun 2002, an gina gidaje a wurin, ita kuwa 135 tana nan tana noma. Na nuna wa dattijon hoton da Auta ta turo. Ya ce ga dukkan alamu ruwan sama ne ya shiga ta salansa, tunda bakinta sama yake kallo, fistin ya kama da tsatsa. In haka ne ba mutuwa ba ce, domin bututun da fistin ke hawa da sauka a ciki zare shi ake yi a sa sabo. Abin tsoro shi ne in uwar injin ta tsage, wannan kuwa sai an buɗe. Ka kuma tuna abin da muka biya na hayar tarakta bara, da yadda muka jira layi har shuka ta makara.

Ga shawarata. Duk abin da 'yan gwangwan suka taya, zan turo maka shi daga alawus ɗina kashi biyu, ƙarshen wannan wata da na gaba, a yi wa Auta hidimarta. A kifa gwangwani a bakin salansar yau ɗin nan. Kada a bar kowa ya ja ta da mota don a tayar da ita. A sa yara su goge ɗan farantin lambar da ke kusa da sitiyari su ɗauko mini hotonsa, da lambar jikin injin. In na zo hutu, in Allah ya yarda, zan taho da ringi da gaskit a jakata.

A gaida Inna da jiki, a gaida Kawu da Gwaggo. Dabinon da aka yi sautu na saya, ina neman mai tahowa. Sai na ji daga gare ka, Yaya.