Tsallen da Muka Gada

Duk wanda ya shigo Jami'ar Ibadan, kafin ya gama sanin hanyar aji, sai ya san ɗakin kwanansa. A nan ɗaki tamkar gari ne: yana da suna, da kirari, da abokan wasa. 'Yan Independence su ne Katanga, 'yan Azikiwe su ne Baluba, kuma ranar ƙwallo tsakanin ɗakuna ba a raga wa kowa wajen zolayar nan da Yarbawa ke kira aro. Mu 'yan Arewa kuwa zuciyarmu takan karkata ga ɗakin Sultan Bello, ko da ba can aka ajiye mu ba, saboda sunan ɗan Shehu da ke jikinsa.

Makarantar ta tsufa. An kafa ta a 1948 a ƙarƙashin Jami'ar Landan, ta tsaya da ƙafafunta a 1962, kuma a filinta aka fara gasar wasannin jami'o'in Nijeriya a 1966. To amma akwai sunan da ke cikin tarihin wasanninta wanda yake yi mana nauyi a baki, wato Emmanuel Ifeajuna.

A 1954, a birnin Vancouver na ƙasar Kanada, wannan saurayi ya ƙetare sanda mai tsawon ƙafa 6 da inci 8, da takalmi a ƙafa ɗaya tak, ya ɗauko lambar zinariya a gasar ƙasashe renon Ingila. A shekarar ce ya shigo nan karatu. Hotonsa har bangon littattafan rubutu na 'yan makaranta ya hau. Daga baya ya shiga soja. A daren 15 ga Janairun 1966 yana cikin hafsoshin da suka jagoranci juyin mulki a Ikko, inda aka ɗauke Firayim Minista Abubakar Tafawa Ɓalewa aka kashe shi. Shi ma bai daɗe ba. Sojojin Biyafara suka harbe shi a Enugu cikin Satumban 1967.

Abokanmu na Kudu sukan fara labarinsa daga tsallen, mu kuwa daga daren nan muke farawa, don da shi aka rene mu a gida. Mukan yi musu a kan haka, wani lokaci har murya ta tashi. Da yamma kuma a gan mu tare a bakin fili, muna yi wa ɗan ɗakinmu ihu idan ya tunkari sanda, ba tare da mun tambayi garinsu ba.