Harobanda: unguwar ƙetaren gulbi da Nowel ɗin mahaifina

Duk wanda ya tsaya bakin gulbi a birnin Yamai ya fuskanci yamma, zai hango garaka da gonakin shinkafa, bayansu rufin kwano, can nesa kuma tsaunuka masu shimfiɗaɗɗen kai. Wannan ita ce Harobanda. Sunan na Zabarmanci ne, ma'anarsa bayan ruwa, wato ƙetare. A takardun hukuma ita ce gunduma ta 5 ta birnin, ta ƙunshi Lamorde da Karaje da Kirkisoy da Banga Bana da Sagiya da sauransu. Fatake sun san ta domin ta nan hanyar Torodi da Burkina Faso ta bi, haka ma hanyar Sayi. Ma'aikata kuwa da yawansu a nan suka yi ɗalibta.

Asalin wurin ƙauyuka ne na Fulani da Zabarmawa, masu noma da kiwo da su. Gadar Kennedy ce ta mai da shi birni. An buɗe ta a 1970 da taimakon Amurka, tsawonta ya haura mita 700. Kafin nan sai kwale-kwale da jirgin fito. Gada na samuwa, jami'a ta biyo a 1973, wadda aka raɗa wa sunan Abdu Mumuni a 1992, sannan cibiyar AGRHYMET mai nazarin yanayi da noma a 1974. Fili na da araha, sai ƙananan ma'aikata da baƙi suka riƙa ƙetarowa: Hausawa daga Maraɗi da Tawa da Damagaram, Gurmawa, mutanen Benin da Togo. Cikin waɗannan akwai mahaifina.

Bagobiri ne daga wajen Tsibiri, inda mishan ɗin SIM suka daɗe da zama. A hannunsu ya yi lakwal, ya karɓi addinin Kirista, ya zo Yamai ya samu aikin akawu. Ya sayi ƴar fuloti a Karaje ya gina ɗaki uku na ƙasa. A layinmu gidanmu kaɗai ne na Kirista, abin da ba zai ba kowa mamaki ba a ƙasar da ƙidayar 2012 ta nuna Kiristocinta ba su kai ɗaya bisa ɗari ba. Amma ranar 25 ga Disamba ranar hutu ce a Nijar, kuma a layin nan namu ba hutu kaɗai ba ce, ranar cin shinkafa ce ta kowa da kowa.

Shirin Nowel, ko Kirsimeti kamar yadda mutanen Najeriya ke cewa, yakan soma tun farkon wata. Hunturu ya shigo, hazo ya rufe tsaunuka, leɓɓa sun tsage. Inna takan ƙetara Babbar Kasuwa ta yanko yadi ɗaya, tela ya ɗinka mana mu biyar iri guda. Baba kuwa shi ke da farar ƙasa. Da an wuce bikin Jamhuriya na 18 ga wata sai ya jiƙa ta cikin rabin tano, ya ba kowane yaro tsintsiya, mu shafe bangon gida ciki da waje. Yakan ce baƙo na tafe, ba a tarbarsa da bango mai datti.

Daren 24 ne babban dare. A lokacin majami'armu tana cikin gari, kuma Baba ba ya yarda mu shiga taksi. Da ƙafa muke tafiya, shi a gaba da fitilar hannu da Littafi Mai Tsarki na Hausa a hammata, mu a baya cikin rigunan sanyi. A tsakiyar gada yakan tsaya ya sa mu leƙa ƙasa. Ga sama babu ko gajimare, wata uku ba a ga ɗigon ruwa ba, amma gulbi ya cika ya batse. Sai ya tambaye mu daga ina ruwan nan ya fito. Shi da kansa zai ba da amsa: daminar Gine ce. Ruwan da ya sauka bisa duwatsun can yakan malalo ya shiga fadamun Mali, ya yi watanni yana yaɗuwa cikinsu, sai Disamba zuwa Janairu yake iso Yamai. Masana ma haka suke rarrabewa: akwai jan ruwa na Agusta da Satumba wanda ƙoramun kusa ke kawowa, akwai kuma wannan cikar ta Gine. Baba yakan rufe da cewa: "Kun gani, alherin da aka yi nesa yakan daɗe a hanya, amma yana isowa."

A majami'a ana waƙa da Hausa da Faransanci da Zabarmanci, mata na kaɗa tulu da caki, yara na yin wasan makiyaya da sandunan kara. Mu dawo cikin dare, barci na fizgarmu, ƙanwata a kafaɗar Baba.

Da safe sai batun rago. A nan ne, mai karatu, hikimar tsohon take. Bai taɓa yanka ragon Nowel da hannunsa ba. Yakan aike ni gidan maƙwabcinmu, wani dattijo Bazabarme mai limancin masallacin layi, in durƙusa in ce: "Malam, Baba na gaishe ka, ya ce in ka samu sarari." Malam ya zo da wuƙarsa, su gaisa da hannu biyu, ya yi bisimilla ya yanka. Wata shekara yayana ya tambayi dalili. Baba ya ce: "Naman da maƙwabcinka ba zai iya ci ba, ai ba naman biki ba ne."

Kafin azahar an sauke tukwane. Inna ta jera kwanoni, kowane da shinkafa da miya da tsokar nama, ta ɗaure da ƙyalle. Mu ne ƴan aike. Akwai gidan Malam, da gidan wata Hajiya mai sai da itace, da Bafillatanin da ke kawo mana nono, da ɗaliban jami'a biyu da ke haya a bayanmu, waɗanda garinsu ya yi nisa. Kwano ba ya dawowa wofi: wani ya sa dabino, wani goro, wani dala biyar ta ɗan aike. In Sallar Layya ta zo, aka jera raguna bisa sanduna a gefen wuta yini guda kamar yadda ake yi a Yamai, washegari gidanmu ya fi gidajen da suka yi yanka tara nama.

Ba kullum ake kwana a gado ba. Ranar 9 ga Fabrairun 1990, a bisa gadar nan da muke leƙen ruwa, aka harbe ɗalibai uku masu zanga-zanga, kuma Nowel ɗin shekarar Baba ya tsaya a wurin ya cire hula bai ce uffan ba. A Janairun 1994 aka karya darajar sefa, ta rasa rabin ƙarfinta, ga albashi na yin watanni bai fito ba. Ma'aikatan wancan zamani ba su mance ba. A shekarar babu rago, babu sabon ɗinki. Baba ya sayo zabbi huɗu, Malam ya yanka, kwanoni suka fita yadda suka saba, mu kuwa muka ci da romo. Har yau ban ji wanda ya ce a layin an lura da bambanci ba.

A 2007 Layya ta faɗo kwanaki kaɗan kafin Nowel, tsofaffin biyu suka yi mako suna musayar nama da barkwanci. Shekara biyu bayan haka Baba ya rasu. Malam, da sandarsa, yana cikin waɗanda suka raka shi, ya kuma zauna zaman makoki kwana uku.

Bai ga gada ta biyu da Sin ta gina a 2011 ba, balle ta uku mai sunan Janar Seyni Kunce ta 2021. Bai ga ambaliyar 2012 ba, ko ta Satumban 2020 da ta fasa madatsar Lamorde ta cinye gidajen ƙasa irin nasa. Bai kuma ga ranar 17 ga Janairun 2015 ba, lokacin da fushin zanen wata jaridar Faransa ya sauka kan waɗanda ba su san hawa ba ba su san sauka ba. Ƴan sanda sun ƙidaya majami'u 45 da aka ƙona a Yamai, ciki har da ta Katolika ta Sen Pol a nan Harobanda, kuma mutum 10 suka mutu tsakanin Yamai da Damagaram. A ranar, ƴaƴan Malam ne suka ɗauke Inna suka kai ta ɗakin uwarsu, suka zauna ƙofar gidanmu har gari ya lafa. Kwanon da aka yi shekara talatin ana aikawa, ranar ya dawo.

Wanda ya ƙetara Harobanda yau zai tarar da kwalta da benaye da shaguna inda da ake noman masara. Katangu sun yi tsawo, ƙofofi sun zama na ƙarfe, mutum na iya shekara bai san sunan na kusa da shi ba. Gadoji uku sun haɗa mu da cikin gari, amma taku goma da ke tsakanin ƙofa da ƙofa ya soma yi mana nisa. Wannan ba aikin gwamnati ba ne, ba ya bukatar kasafi ko tallafin waje. Ɗan kasuwa da ma'aikaci, kowa na da ranar bikinsa, kowa na da kwano da yaron aike. Hausawa sun ce zumunta a ƙafa take.

Allah ya jiƙan magabatanmu, ya ba mu ikon riƙe abin da suka bari.