Tsakaninmu: Kifin Lolo da Masu Saye na Nesa

Ku gyara zama, ’yan uwa, yau maganar kasuwa zan yi da ku, kuma ba zan rufe muku komai ba. Kowaccenmu tana da abin da take juyawa: wannan kifi banda daga Lolo, waccan shinkafa ’yar gida da take turarawa ta kai inji, wata man shanu daga rugagen Kaoje, wata ƙuli-ƙuli da daddawa. Kayanmu ba su da makusa. Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne, mu ke shan hayaƙi da zafin rana, amma ribar mai tsoka tana tafiya aljihun wanda ya ɗora kayan a mota ya kai birni. Shi ya sa nake so mu yi maganar dandalin X, wanda muka sani da Twitter kafin a sauya masa suna a 2023.

Yaya, na san abin da za ki ce: wa ke X a Bagudo? Gaskiyarki. Maƙwabciyarki tana WhatsApp, yaranmu suna TikTok da Facebook. Abokan cinikinmu na ƙetare, mutanen Segbana da masu zuwa kasuwar Malanville, da kiran waya da saƙon murya muke gama magana da su, a yi lissafin sefa da naira a wuce wurin. Ba don su za ki buɗe X ba. Waɗanda ke can su ne ma’aikata, da ɗaliban jami’a, da ’yan jarida, da ’yan Kabi da aiki ya kai Abuja ko Kaduna ko Legas, suna kewar miyar kifin Kogin Kwara. Da yawansu suna da albashi, sun saba tura kuɗi ta waya, kuma sun yi yawa har ana kiran zaurensu Arewa Twitter. Su nake so ki kai wa tallarki.

Ga inda bambancin yake. Abin da kika ɗora a WhatsApp, sai mai lambarki zai gani. A X kuwa, wanda bai taɓa jin sunanki ba yana iya cin karo da saƙonki, ya sake yaɗa shi ga mabiyansa, su ma su yaɗa. Amma wurin ba ya son dogon zance. Haruffa 280 aka ba mai shafin kyauta a kowane saƙo. Don haka ki faɗi abu biyar ki yi shiru: mene ne kayan, daga ina, wane ma’auni, nawa, kuma wace rana mota ke tashi. Ki rubuta da Hausa, ki ƙara layi ɗaya da Turanci, in ya so ɗiyarki ta taya ki. Don Allah ki daina cewa sai an zo ta saƙon sirri za a ji farashi. Mai saye na nesa da ya ga an ɓoye farashi, zarginsa shi ne za a duba fuskarsa kafin a yanka masa.

Sai hoto, domin gani ya kori ji. Ki fitar da kifin da hantsi, kafin rana ta yi tsaka, ki goge idon kyamarar da gefen zanenki. Ki jera shi a tsabtataccen faranti, ki karya guda ɗaya gida biyu don a ga tsokar ta bushe har ciki, babu danshi, babu ƙwaro. In shinkafa ce, ki ɗebo a tafin hannu ki matso da wayar, a ga babu tsakuwa, sannan ki nuna mudun da kike awo da shi. Kada ki ari hoton wata. Ranar da kayan suka isa suka saɓa wa hoto, wannan bakin da ya yabe ki a bainar jama’a shi zai tona ki a bainar jama’a.

To, ga zuciyar maganar: a X amana ake fara saya kafin kaya. Matar da ke Abuja ba ta san gidanku ba, ba ta san mahaifinki ba, wataƙila kuma an taɓa cinye mata kuɗi. Ko shuɗiyar alamar nan da ke gefen suna ba ta isa shaida ba yanzu, tunda bayan Elon Musk ya sayi kamfanin a 2022 ta koma abin da ake biya a samu. Abin da zai tsaya miki shi ne aikinki. Ki bar ta ta fara da kaɗan. Ki ɗauki bidiyon kayanta kina jerawa a kwali, ki rubuta sunanta da lambarta ɓaro-ɓaro a kai, ki tura mata lambar direba da ta mota tun kafin su bar tasha. Ki gaya mata kuɗin mota daban tun farko. In hanya ta yi tsaiko, ke za ki fara kira. Da kaya sun isa ta yaba, ki nemi izininta ki wallafa yabon, ki maƙala shi a saman shafinki. Shaida uku irin wannan sun fi mabiya dubu da ba sa saye.

Ke ma ki tsare kanki. Tun ƙarancin takardun naira na farkon 2023 muka koyi karɓar kuɗi ta waya, ’yan damfara ma suka koyi nasu. Kada hoton rasit ko saƙon shigar kuɗi ya ruɗe ki. Ki buɗe asusunki ki ga kuɗin da idonki, sannan kaya su fita.

Yanzu ku matso, wannan tamu ce ta mutanen kan iyaka. X fili ne, kowa na karantawa, har jami’an kwastam. Shinkafar waje da duk abin da kika san bai bi ta ƙofa ba, kada ya hau shafinki, kuma gara ki bar shi baki ɗaya. Tamu ta fadama ta ishe mu tinƙaho. Ga kuma halin tsaro da muke ciki: ban da hoton ƙofar gida, ban da fuskar yara, ban da faɗin ranar da za ki bi hanyar Tsamiya da kuɗi a jiki. Ki ware layin kasuwanci daban, ki sanar da maigida tun farko don a zauna lafiya. Faɗan siyasar da ake kwana ana yi a wurin kuwa, ki kauce masa da shafin sana’a, domin masu sayen kifinki suna kowace jam’iyya.

Hajiya, ke da kika daɗe a harkar kin tuna Agustan 2019, da gwamnati ta rufe iyakokin ƙasa, ba a fara buɗewa ba sai Disambar 2020. Wanda duk cinikinsa ya rataya a kan ƙetare ya ji jiki. Haka a Yunin 2021 aka dakatar da Twitter a Najeriya, sai Janairun 2022 aka sake shi, wata bakwai masu talla a can suna hamma. X rumfar haya ce, ba gadon gidanmu ba. Don haka duk wadda ta saya sau ɗaya, ki rubuta sunanta da lambarta da abin da ta saya a littafi, ki riƙa gaishe ta, ki sanar da ita in sabon kaya ya sauka.

Shawarata ita ce kada kowa ta yi ta ita kaɗai. Mu zaɓi ɗaya cikinmu mai haƙurin amsa saƙo ta riƙe shafi, mu haɗa kuɗin data, mu tsayar da rana ɗaya a mako ta tura kaya, kwali ɗaya ya ɗauki kifinki da shinkafarta da man shanuna, kuɗin mota ya ragu wa kowa. Wata na farko yana iya wucewa babu ciniki, kada wannan ya karya mana gwiwa. Mu fara da kifi, tunda shi ya fi jure tafiya. Wa za ta kawo nata gobe da hantsi mu ɗauki hoton farko?