Sauri Ya Haifi Nawa: Darasi Daga Wata Kwamfuta a Katuru

A hutun da ya gabata na koma gida Katuru, cikin ƙasar Shinkafi, domin tattara waƙoƙin daka da na niƙa waɗanda zan gina kundin digirina a kansu. Na ɗauki muryoyin tsofaffi mata da wayar hannu, ina juye su cikin wata kwamfutar tebur ta yayana, wadda ke aiki da hasken rana. Da yake wayar ba ta da wuri da yawa, duk abin da na juye sai in goge shi daga cikinta.

Wata rana wani abokin yayana, mai gyaran kwamfuta, ya tarar ina jiran ta gama sarrafa wata murya. Sai ya ce, "Ƙanena, ai wannan doki ne aka ɗaure wa ƙafa. Bari in kwance maka shi." Abin da yake nufi shi ne tilasta wa ma'adanar aiki, wadda masu gyara ke kira ram, gudu fiye da wanda aka ƙayyade mata.

Ya kamata in yi wa mai karatu bayani a nan. Kwamfuta tana da rumbu inda take ajiya ta dindindin, tana kuma da ma'adanar aiki, wadda ta yi kama da masussuka: nan ake baza abin da ake aiki a kansa. Tamu irin DDR4 ce, wadda ƙungiyar JEDEC ta fitar da ƙa'idojinta a 2012, tana aiki da wutar bolt 1.2, tana kai saƙo sau miliyan 2,400 a sakan guda. Mutumin ya shiga saitin injin ya ɗaga ta zuwa miliyan 3,200, ya ƙara wutar zuwa 1.35. Wannan ba baƙon abu ba ne, domin tun 2007 kamfanin Intel ya fito da tsarin XMP saboda ma'adanan da aka gwada aka ga suna jure irin wannan gudu. Sai dai tamu ba ta cikinsu.

Jin an ƙara sulusi a kan gudunta ya faranta mini rai ƙwarai. Amma ɗan ƙasar da ake awon hatsi da tiya ba ya karɓar buhu da ka. Saboda haka na ɗauki agogo na maimaita aikin da na saba yi, sai na ga bambancin bai wuce 'yan sakanni ba. Daga baya na fahimci dalili. Kafin ma'adana ta amsa kira, sai ta jira wasu bugu na agogonta. A da tana jiran bugu 17, wanda ya kama kimanin kashi 14 cikin biliyan na sakan. Da aka ƙara gudu sai da aka mai da shi 22 don kada ta tsaya, lissafin kuwa ya sake faɗawa kusa da 14 ɗin nan. Watau an faɗaɗa ƙofa ne kurum, mai buɗe ta yana nan da nawarsa. Bugu da ƙari, aikin nawa ƙwaƙwalwar injin ya fi dogara a kai, ba ma'adanar ba.

Da a nan abin ya tsaya, da da sauƙi. Bayan kwanaki sai na buɗe wata waƙar niƙa ta gwaggona, na ji tsakiyarta ta zama ƙara marar ma'ana. Yayana ya samo manhajar MemTest86, wadda Chris Brady ya fara rubutawa a 1994, mai zuba lambobi cikin ma'adana ta sake karanta su ta gwada. Da asuba ba ta sami kuskure ba, amma da azahar, lokacin da zafin bazara ya cika ɗaki, sai jajayen layuka suka bayyana. Ashe kowane ɗigon bayani ɗan guntun caji ne mai yoyo, wanda ake sabunta shi duk bayan kashi 64 cikin dubu na sakan, zafi kuwa yana ƙara masa yoyo. Nan take muka mai da ita kan ƙa'idarta, kuskuren ya ɓace.

Na koma wurin gwaggo na roƙe ta ta sake rera mini waƙar. Ta yi dariya ta ce, "Ɗana, ai waƙa ba tuwo ba ce da za a ɗumama." Ta rera, amma baitoci biyu da ta saka rannan, inda ta yi wa kishiyar uwarta habaici, ba su dawo ba. Malamanmu sun sha faɗa mana cewa mawaƙin baka ba ya maimaita waƙa daidai wa daida. Sai a ranar na san nauyin maganar.

Don haka ina kira ga 'yan'uwana ɗalibai masu fita farautar adabin baka: kada lamba mai girma ta ruɗe ku. Idan an ce injin ya ƙara sauri, ku auna da aikin da kuke yi, ku kuma gwada amincinsa a lokacin zafi. Sannan kada ku goge asali sai kun saurari kwafinsa daga farko har ƙarshe, kun kuma ajiye shi a wuri biyu.