Kwanakin Gyaran Ɗakin Ajiyar Inna

Litinin, 7 ga Oktoba 2024

Yau Inna ta ba ni makullin ɗakin ajiya. Ina turo ƙofa warin fumfuna ya tare ni. Buhunan gero biyu na ƙasa sun yi baƙi, sun dunƙule. Abin da ya fi sosa mini rai akwatin littattafan marigayi Baba ne: gindinsa ya ruɓe, takardun sun manne da juna, tawada ta malale. Bango kuwa, daga ƙasa har gwiwa, ya yi fari-fari kamar an barbaɗa masa kanwa.

Ina yaro, daɓen ɗakin nan daidai yake da lungu. Kowace shekara maƙwabta na zuba burji a ƙofar gidajensu don gudun ruwa, lungu na ta tashi, yanzu sai an sauka taki biyu kafin a shiga. Daminar bana kuma ba ta raga wa kowa ba. A Agusta ruwa ya yanke hanyar Dosso, a Satumba tsohon masallacin Damagaram ya rushe. Mu namu ruwan bai shigo ta ƙofa ba, ta ƙarƙashi ya biyo.

Talata, 8 ga Oktoba

Na yi sammakon kasuwar Katako. Na ratsa masu katako da kwano da rodi, na wuce maƙera masu narka sanholo suna zuba tukwane, har layin masu fenti. Wani mai shago ya sauko mini da gwangwani biyu, babba da ƙarami. Efoksi ke nan, su suna ce masa rezin. Babban shi ne ƙaron, ƙaramin shi ke sa shi daskarewa; in an haɗa, sai ya zama fata mai tauri kamar gilashi. Ya ce, "Alhaji, ka shafa wannan, kai da laima har abada." Tsadarsa ta girgiza ni, amma har na sa hannu aljihu, sai ga tsohon maginin da ya yi wa Baba aiki shekaru. Ya ji labari, ya ce, "Ɗana, mayar da kuɗinka. Gobe ina zuwa."

Laraba, 9 ga Oktoba

Ya zo da leda da salatif kawai. Ya yanka ledar, kamu biyu kowane gefe, ya manna ɗaya a daɓe, ɗaya a gindin bango, ya rufe bakinsu ruf. Ya ce kada a taɓa sai gobe.

Muna shan shayi ya yi mini karatu. Unguwannin nan na Katako da Bukoki a gefen kwarin Gunti Yena suke, wanda ke kwashe ruwan tsakiyar Yamai ya kai kogin Isa. Ruwan ƙasa a nan kusa yake, kuma shekara da shekaru yana ƙara hawowa. Siminti da bulo cike suke da ƙananan ƙofofi, suna zuƙar ruwa kamar lagwanin fitila. Ruwan na tafe da gishirin ƙasa. In ya bushe a fuskar bango gishirin ya zauna, ya kumbura yaɓe, ya zubar da shi. Farin da na gani ke nan.

Alhamis, 10 ga Oktoba

Mun ɗaga leda bayan azahar. Ƙarƙashinta raɓa ce tsaf, wurin ya yi duhu. Na ce, "Baba, ai dalilin da ya sa nake son maganin ke nan." Ya girgiza kai. Ya ce efoksi na tare tururin laima, amma ba ya tare ruwa mai turowa daga baya. In an shafa kan jiƙaƙƙen daɓe, ba ya kamawa. In ma ya kama, ruwa da gishiri za su taru ƙarƙashinsa ya yi bororo, ya ɓare kamar ɓawon ƙwai. A bango abin ya fi muni: ka toshe ƙasa, laimar ta hau sama ta fito inda ba ka shafa ba. Da bangon ƙasa ne ma, in ji shi, ba zai yarda a kusance shi da wannan abu ba, don ginin laka sai yana shan iska yake rayuwa.

Raina bai so ba. Na so a gama cikin mako. Amma na san gaskiya ya faɗa.

Asabar, 12 ga Oktoba

Wunin yau a waje muka yi shi. Mun gano indararon ɗakin a gindin bango yake zubarwa, shekara nawa ba wanda ya lura. Muka ƙara masa tsawo. Muka tone bayan bango, muka shafe shi da baƙin gudro, muka cike da tsakuwa, muka yi gangare zuwa magudana. A ciki aka sassaƙe ruɓaɓɓen yaɓe har sama da inda farin ya tsaya, aka sake sabo da simintin Malbaza da garin hana ruwa da magina ke kira sikalit, ƙunshin kilo 1 a buhu mai kilo 50. Magini ya huda taga ƙarama ta fuskar gabas. Sai jira: sabon siminti kwana 28 yake so.

Talata, 12 ga Nuwamba

Iskar hunturu ta fara, leɓuna na tsagewa. Jiya muka sake manna leda, yau muka ɗaga: a bushe. Na yi murna, magini kuwa ya ce, "Ledar Nuwamba ba ta san Agusta ba." Don haka da kansa ya raka ni Katako, ya sa aka karanta masa jikin gwangwani, ya zaɓi shafen farko mai jure laima.

Laraba, 13 ga Nuwamba

An gurje daɓe da inji har ya yi kaushi, an cike tsagu, an share ƙura sau uku. Da asuba muka fara shafa efoksin, saboda zafi na gaggauta daskarewarsa. Kaɗan-kaɗan yake haɗawa, daidai awon da aka rubuta, ya juya minti uku, ya zuba a daɓe nan take. Ragowar da ta saura a gwangwani na ji ta ɗauki zafi a tafin hannuna, kafin rabin awa ta zama dutse. Yaronsa ya so cire safar hannu, ya daka masa tsawa, don abin na cin fata, kuma wanda jikinsa ya ƙi shi sau ɗaya ya ƙi shi ke nan. Daɓe duka aka shafa, bango kuwa taƙi ɗaya kawai daga ƙasa.

Alhamis, 14 ga Nuwamba

Shafe na biyu. An bar ƙofa da taga a buɗe, an hana yara leƙe.

Alhamis, 21 ga Nuwamba

Kwana bakwai sun cika. Inna ta sauka takin nan biyu tana dafa bango, ta shafa daɓen da ƙafa, ta ce, "Allah ya yi maka albarka." Buhunan gero kan katako muka jera su, nesa da bango. Littattafan Baba da suka tsira, goma sha ɗaya ne, na kai su ɗakina. Kafin magini ya tafi ya ciro fensir daga bayan kunne, ya ja layi a bango daidai inda farin ya tsaya bana, ya rubuta 2024 a gefe. Ya ce in kira shi ranar da aka yi ruwan farko mai ƙarfi na Agusta.